Ramond de Carbonnières: mutumin da ya tsinci katantanwar teku a kan Ɓataccen Dutse

A ranar 10 ga watan Agustan 1802, wani Bafaranshe ɗan shekara 47 ya taka ƙololuwar Mont Perdu, dutse mai tsayin mita 3,355 a tsaunukan Pirene, waɗanda suka raba Faransa da Sifaniya tun daga bakin Bahar Rum har zuwa tekun Atalantika. Shekara 15 ke nan tun da ya fara hango dutsen daga nesa, shekara biyar kuma tun da ya soma gwada hawansa yana komowa hannu rabbana. Amma ko kafin ya isa ya riga ya san an riga shi. Ƴan kwanaki kafin nan ya tura ƴan jagorarsa biyu, Rondo da Laurens, su dubo masa hanya, sai suka gamu da wani makiyayi ɗan yankin Aragon wanda ya san wurin, ya shige musu gaba, suka zarce har bisa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Sunan mutumin Louis Ramond de Carbonnières. A Faransa ana ɗaukarsa uban masu hawan tsaunukan Pirene, kodayake a wannan fage yaransa sun sha gabansa. Ainihin aikinsa yana cikin abin da ya riƙa saukowa da shi a jaka: gutsattsarin duwatsu, ganyayyaki da furanni, da lambobin da ya karanta a jikin ma'aunin iska.

An haife shi a birnin Strasbourg ranar 4 ga watan Janairun 1755. Mahaifinsa ma'aji ne a harkar kuɗin soja, mahaifiyarsa kuma dangin Jamusawa ce, saboda haka ya tashi da harsuna biyu a baki. Ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1777, amma zuciyarsa na wajen adabi. A wannan shekarar ya buga wani labarin soyayya mai ƙarewa da baƙin ciki, irin wanda samarin lokacin ke yayi, sannan ya ratsa ƙasar Suwizalan, inda ya fara ganin manyan duwatsu masu ƙanƙara. Da ya dawo ya fassara littafin wani Bature ɗan Ingila, William Coxe, a kan Suwizalan, ya cusa nasa bayanan a ciki masu yawa, har masu karatu suka fi lura da ƙarin mai fassara fiye da asalin littafin.

Bawan Kadinal

A 1781 ya kama aiki a gidan Kadinal Louis de Rohan, babban limamin cocin Katolika na Strasbourg, attajiri ɗan gidan sarauta mai saurin yarda da mutane. A lokacin wani ɗan Italiya mai kiran kansa Cagliostro ya mamaye hankalin Kadinal ɗin da da'awar warkar da kowace cuta da juya ƙarfe ya zama zinariya. Ramond, wanda daga baya zai shahara da ƙin yarda da abin da bai auna ba, ya yi shekaru yana yi wa wannan boka hidima bisa umarnin maigidansa.

Sai ga badaƙalar sarƙar lu'ulu'u. Wata mata mai suna Jeanne de La Motte ta yaudari Kadinal cewa sarauniya Marie-Antoinette na son ya sayo mata wata sarƙar wuya a asirce, mai duwatsun lu'ulu'u sama da 600. Ya sayo a kan bashi, matar da mijinta suka wargaza sarƙar suka shiga sayar da duwatsun. A watan Agustan 1785 aka kama Kadinal a fadar Versailles. Yawancin ƴan fadarsa suka watse, Ramond bai gudu ba. Shi ne ya tsallaka zuwa Landan ya bi sawun duwatsun a wurin dillalan da suka saye su daga hannun mijin matar. Kotu ta wanke Kadinal a 1786, amma sarki ya kore shi daga fada, kuma Ramond ya bi shi gudun hijira.

Wannan korar ce ta kai shi Pirene. A bazarar 1787 Kadinal ya tafi garin Barèges don jiyya a maɓuɓɓugar ruwan zafi, shi kuwa sakatarensa, da ba shi da ciwon komai, ya shiga yawon duwatsu. Ranar 2 ga Agusta ya hau Pic du Midi de Bigorre, dutse mai tsayin mita 2,877 da ke tsaye shi kaɗai a gaban sauran. Daga can ya hangi Mont Perdu a kudu. Ma'anar sunan ita ce Ɓataccen Dutse, domin in mutum ya sauko cikin kwarurukan ɓangaren Faransa sai wasu duwatsun su kare shi, ya ɓace. Ga mutanen Aragon kam bai taɓa ɓacewa ba: a ƙasarsu yake gaba ɗaya, suna ganinsa daga gonakinsu, kuma suna da nasu sunan da suke kiransa da shi tare da maƙwabtansa biyu.

A ƙarshen 1788 Ramond ya bar aikin Kadinal ya koma Paris, yana halartar darussan manyan masana tsirrai, Jussieu da Desfontaines. A 1789 ya fitar da littafinsa na farko a kan Pirene, shekarar da juyin juya hali ya ɓarke. Siyasa ta ja shi. An zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Paris a 1791, cikin masu son a bar sarki amma a ɗaure shi da tsarin mulki. Ya kare limaman cocin da suka ƙi yin rantsuwar biyayya ga sabuwar gwamnati, ya goyi bayan Janar La Fayette. Da aka kifar da sarauta a watan Agustan 1792, irin wannan ra'ayi ya zama abin da ke kai wuya ga injin fille kai. Ya tsere zuwa Barèges ya koma tsintar ganye. A 1794 aka kama shi da zargin ƙin juyin juya hali, ya yi watanni a gidan kaso na garin Tarbes, kuma sai bayan faɗuwar Robespierre ya shaƙi iskar waje. A 1796 aka ba shi aikin koyar da ilimin halittu a sabuwar makarantar gwamnati ta Tarbes ɗin.

Gardamar farin dutse

A wancan zamani yawancin masana a Turai sun yi imanin cewa wani babban teku ya taɓa rufe duniya baki ɗaya, kuma duwatsu daga cikinsa suka kwanta. Na farko, a cewarsu, sun samu ne tun kafin a halicci abu mai rai, shi ya sa ba a samun ɓurɓushin kowace halitta a cikinsu. Babban misalinsu shi ne giranit, dutsen nan mai tauri da ƙyalli, kuma shi ake sa ran samu a ƙashin bayan kowane jerin tsaunuka da kan ƙololuwa mafi tsayi. Duwatsun da suka zo daga baya, masu ɗauke da ƙwarangwal da ɓawon halittu, wurinsu gefe ne da gangare.

Pirene sun ƙi bin wannan tsari. A yankin Gavarnie da Mont Perdu, manyan kawunan duwatsun na farar ƙasa ne, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Masana biyu masu suna, Déodat de Dolomieu da Philippe Picot de Lapeyrouse na birnin Toulouse, suka warware matsalar da cewa wannan dutsen farar ƙasa na musamman ne, ɗan fari, wanda ya girmi rai. Ramond bai gamsu ba. Kuma gardamar tana da hanyar yankewa mai sauƙin faɗa: a hau a fasa dutsen. In babu komai a ciki, suna da gaskiya. In aka sami ɓawon halitta ko guda, magana ta ƙare.

A watan Agustan 1797 ya tashi daga Barèges da ayarin mutum goma sha wani abu, har da ɗalibansa da shi kansa Lapeyrouse. Suka bi kwarin Estaubé har suka tsaya a gindin wani siririn lungu mai tsananin gangare, cike da daskararriyar ƙanƙara, wanda ke kaiwa ga wani giɓi a jikin bangon dutse, mai suna Tuquerouye, a tsayin mita 2,666. Lapeyrouse, wanda ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, ya tsaya a ƙasa. Sauran suka hau, ƴan jagora na sassaƙa matakala a cikin ƙanƙarar. Da suka leƙa ta giɓin sai ga Mont Perdu a gabansu, ƙanƙara ta lulluɓe fuskarsa ta arewa hawa-hawa, ga wani tafki a daskare a gindinsa cikin tsakiyar bazara. Ta wannan ɓangaren ba su ga hanyar kaiwa bisa ba. Amma a duwatsun da ke kewaye da tafkin suka sami abin da ya kawo su: ɓawon kawa, katantanwa, murjani da sauran halittun teku, sun zama dutse. A watan Satumba ya sake komawa, ƙanƙarar ta ƙara tauri, hawan ya fi na farko haɗari, ya sake kasa kaiwa ƙololuwa, ya kuma ƙaro samfura.

Manomin Adar da ke tono irin waɗannan ɓawo a gonarsa, ko wanda ya san ramukan da masana'antun siminti na Malbaza da Kalambaina ke haƙar farin dutse, ba zai yi mamakin teku a inda babu teku ba, domin ruwan gishiri ya taɓa ratsa wannan yanki shekaru miliyoyi da suka wuce. Abin da ya girgiza mutanen 1797 shi ne tsayin. Me ya ɗaga ƙasan teku har kusan kilomita uku sama? Ramond ya tabbatar da abin ya faru, amma cikakkiyar amsar ba ta samu ba sai a ƙarni na 20, lokacin da aka gane cewa ɓawon duniya faifai ne masu motsi. Faifan da ke ɗauke da Sifaniya ya matso ya yi karo da na Turai na tsawon miliyoyin shekaru, lakar da ta kwanta a tekun da ke tsakaninsu ta naɗe, ta tsage, wani sashe ya hau kan wani. Mont Perdu tulin irin waɗannan shimfiɗu ne da aka tura kudu aka ɗora bisa juna.

Tafiyar ta bar ƙiyayya. Lapeyrouse, wanda bai hau lungun ba, ya yi sauri ya buga nasa rahoton a kan ɓurɓushin halittun a mujallar ma'adinai ta Paris, kuma mutanen biyu ba su sake shiri ba. Ramond ya ba da nasa cikakken labarin a littafin Voyages au Mont-Perdu a 1801, a shekarar da ta biyo kuma aka shigar da shi babbar cibiyar masana kimiyya ta Faransa.

Hawan 1802 ya biyo ta gabas, ta wata hanyar da makiyayan Aragon suka sani. A kan ƙololuwar ma ya iske dutsen farar ƙasa ne. Daga can ya hangi kudu, inda ƙasa ta tsattsage ta zama manyan kwazazzabai masu zurfi, kuma kafin bazarar ta ƙare ya gangara cikin ɗayansu, kwarin Ordesa, ya bayyana shi ga masu karatu a Faransa. A 1918 Sifaniya ta mai da wannan kwari gandun da doka ta kare, musamman saboda wata akuyar dutse mai manyan ƙahoni da mutanen wurin ke kira bukardo, wadda mafarauta suka kusa ƙararwa. Kariyar ba ta cece ta ba. Ta ƙarshe a duniya, wata tsohuwar akuya, ta mutu a Ordesa a watan Janairun 2000, bishiya ce ta faɗo mata.

A abu ɗaya Ramond ya yi kuskure babba. Ya ɗauka Mont Perdu ne mafi tsayi a duk Pirene, kuma wannan ne ya sa bincikensa ya yi ƙara sosai. A 1817 awon Henri Reboul ya nuna cewa Aneto, da ke can gabas, ya fi shi. Tsayinsa mita 3,404, kuma Mont Perdu na uku ne. Aneto kuwa giranit ne. Masu tsohon ra'ayi sun sami ƙololuwarsu, sai dai hakan bai cire katantanwa ko ɗaya daga inda aka same ta ba.

Dutse guda, hawa 35

Aikinsa da ba a cika ba da labarinsa ba, domin babu haɗari ko gasa a ciki, shi ne wanda ya yi a kan Pic du Midi. Tsakanin 1787 da 1810 ya hau wannan dutse sau 35, a watanni daban-daban da shekaru daban-daban. Kan dutsen ɗan fili ne ƙanƙane, busasshe, iska na kaɗawa ba tsayawa, dusar ƙanƙara na rufe shi mafi yawan shekara. Mai zuwa sau ɗaya zai tsinko ƴan furanni ya sauko ya ce ya ga abin da ke wurin. Ramond ya lura cewa abin da ke fure a watan Yuli ya bushe kafin Satumba, wani kuma sai lokacin yake fitowa, kuma shekarar da ƙanƙara ta yi jinkirin narkewa komai na canzawa. Saboda haka ya riƙa komawa yana ƙirga. Daga ƙarshe ya tattara jerin tsirrai sama da 130 da ke rayuwa a ƴan mitocin ƙarshe na dutsen, kimanin 70 masu fure, sauran kuma gansakuka da danginta masu manne wa dutse.

Daga wannan jeri ya fitar da abubuwan da yanzu ke cikin darussan ilimin muhalli. Kusan duk tsirran can masu daɗewa ne, saiwarsu na kwana a ƙarƙashin ƙanƙara shekara da shekaru, domin lokacin ɗumi bai isa iri ya tsiro ya girma ya zuba ƴaƴa a zango ɗaya ba. Sannan ya ɗauki jerinsa ya gwada da na tsibirin Melville, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, wanda matuƙan jiragen ruwan Ingila suka tattaro tsirransa, ya nuna yadda wurare biyu masu nisan dubban kilomita suka yi kama. Hawan dutse daga gindi zuwa bisa tamkar tafiya ce daga ƙasa mai ɗumi zuwa ƙasar ƙanƙara, an taƙaita ta cikin yini guda. A bazarar nan ta 1802 da ya hau Mont Perdu, Bajamushe Alexander von Humboldt na kan dutsen Chimborazo a Kudancin Amurka yana bin wannan tambaya. Humboldt ya zagaya nahiyoyi, duniya ta san shi. Ramond ya tsaya kan dutse ɗaya, kuma ƙirgarsa ta fi zurfi a wurin da ya zaɓa.

Pic du Midi ya yi masa wani amfanin. An daɗe da sanin cewa nauyin iska na raguwa yayin da mutum ke hawa, kuma zaibar da ke cikin bututun barometa, wadda ke tsayawa wajen santimita 76 a bakin teku, tana sauka daidai da haka. Masanin lissafi Laplace ya tsara ƙa'idar juya wannan saukar zuwa tsayi, amma ƙa'idar na buƙatar wata lamba da sai gwaji zai bayar. Tun 1787 Reboul da abokin aikinsa Vidal sun auna tsayin Pic du Midi daga ƙasa, mataki-mataki. Sai Ramond ya riƙa hawa da barometa yana karantawa a daidai lokacin da wani ke karanta tasa a Tarbes, har ya fitar da lambar: mita 18,336. Laplace ya karɓe ta ya sa a littafinsa. Ramond ya kuma gano cewa sa'ar da aka yi awon na shafar sakamakon, ya ba da shawarar a riƙa yi da tsakar rana. Matafiya da masu zanen taswira sun daɗe suna auna duwatsu da wannan hanya.

Daga 1800 yana majalisar dokoki, kuma bakinsa bai iya shiru ba. A 1806 Napoleon ya naɗa shi kantoman jihar Puy-de-Dôme a tsakiyar Faransa, muƙamin da mutane da yawa suka fassara a matsayin hanyar nesanta shi daga Paris. Idan hukunci ne, an zaɓa masa wurin da ya dace, domin a kan dutsen Puy de Dôme ne aka fara gwada barometa a tsauni a 1648, bisa shawarar Blaise Pascal. Kantoman ya riƙa tara haraji da ɗibar samari aikin soja kamar yadda aka umarce shi, ya kuma bi tsofaffin duwatsun aman wuta na jiharsa yana aunawa ɗaya bayan ɗaya. An ba shi sarautar baron a ƙarshen 1809. A 1814, lokacin da sojojin ƙawance suka shiga Faransa don kifar da Napoleon, mayaƙan Kosak na Rasha suka lalata akwatunan takardunsa, rubuce-rubucen shekaru masu yawa suka salwanta. Bai sake rubuta babban littafi a kan Pirene ba. Bayaninsa a kan tsirran Pic du Midi shi ne muhimmin aikinsa na ƙarshe, kuma ya rasu a Paris ranar 14 ga watan Mayun 1827, yana da shekara 72.

Akwai wata ƴar ƙaramar shuka mai fure shuɗi-shuɗi da ganye mai gashi da ke fitowa a tsagar farin dutse a inuwa, a Pirene da duwatsun arewa maso gabashin Sifaniya. Yawancin danginta a ƙasashe masu zafi suke, har da Gabashin Afirka. In fari ya yi sai ta bushe ƙurmus kamar ta mutu, da ruwa ya sauka kuma sai ta buɗe ta koma kore. A 1805 masanin tsirrai Louis Claude Richard ya raɗa mata suna Ramonda. Lapeyrouse, da ya zo rubuta nasa littafin tsirran Pirene, ya ba ta wani suna dabam, amma bai kama ba. Dutsen da ke kafaɗa da Mont Perdu ta kudu maso gabas shi ma Faransawa na kiransa Soum de Ramond, kuma tun 1997 duk yankin, ɓangaren Faransa da na Sifaniya, yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO.

A 1865 wasu masoya Pirene suka kafa ƙungiya da sunansa a garin Bagnères-de-Bigorre, inda har yau ake adana busassun tsirran da ya tara. Wannan ƙungiya ce ta ɗauki nauyin gina tashar nazarin yanayi a kan Pic du Midi, aka aza tubalin farko a 1878. Tashar ta girma ta zama cibiyar kallon taurari, kuma a shekarun 1960 daga nan aka ɗauki hotunan wata da hukumar NASA ta yi amfani da su wajen shirin saukar da mutum a kansa. Don a sami wurin gine-ginen sai da aka fasa kan dutsen aka baje shi, aka shimfiɗa siminti a kan yawancin filin da Ramond ya yi shekara 23 yana ƙirga tsirransa.